Tankin da Babu Kifi a Ciki

Litinin, 6 ga Janairu, 2:15 na rana

'Yata Kinanti ta fito falo yau da ƙafarta, ba wanda ya kira ta.

Mai kawo saƙo ne ya tsaya a kan babur da ƙaton kwali, na ce masa ya yi ɓatan gida. Ya karanto mini sunana, Murtini, da lambar wayata. Ina cikin yi masa musu sai na ji murya a bayana: "Nawa ne, Bu." Kinanti ce, Bu take ce mini, kamar a ce Mama. Saura kaɗan in saki cokalin suya a cikin mai. Ashe da wayata ta saya ban sani ba. Tankin gilashi ne na kiwon kifi, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, da ɗan injin iska, da baƙin soso, da yashi, da wasu 'yan kwalabe na gwada ruwa.

Wata uku ke nan da dawowar 'yata daga tsibirin Batam. A cikinsu ba ta ce tana son komai ba, ko ƙarin gishiri. Daga ɗaki sai banɗaki. Dokin ƙofar gidan nan ba ta tsallake shi ko sau ɗaya ba. Yau ga ta durƙushe tana wanke yashi a bokiti har sau bakwai. A falo ta kafa tankin, gefen taga, don wurin jona wuta na ɗakinta ya lalace. Na daɗe ina yi wa babanta mitar ya gyara shi. Yau na gode Allah da bai gyara ba.

Talata, 7 ga Janairu, 6:30 na safe

Na tambaye ta yaushe za a sayo kifin. Ta ce sai ruwan ya nuna. Na ce ruwa kuma ya zama mangwaro? Ba ta yi dariya ba, amma ta yi mini bayani, magana mafi tsawo da na ji daga bakinta tun Oktoba.

Wai ƙazantar kifi guba ce a ruwa. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar, kuma a cikin soson nan suke zama. Sabon tanki ba shi da su. Sai an ciyar da su sun hayayyafa, mako huɗu ko biyar. Ta ƙulle rabin ɗanyen jatan lande a raga ta rataya a ruwan don ya ruɓe. Gubar iri biyu ce. Ta farko tana sa kwalbar gwaji ta yi kore, in ta ƙare sai ta koma rawaya. Ta biyu tana yin shunayya, in ta ƙare sai shuɗi. Ranar da aka ga rawaya da shuɗi tare, ruwa ya nuna.

"Ranar ni zan je wurin Mbah Tarjo in zaɓo da kaina," in ji ta.

Mbah Tarjo shi ne tsohon da ke sayar da kifin ado a bakin layin dogo. Tafiyar minti goma sha biyar ce daga nan, a waje, a cikin mutane. Na juya na kama goge teburin da na riga na goge.

Alhamis, 9 ga Janairu, 6:45 na yamma

Mijina, Pak Sarwo, ya dawo daga tashar jiragen ruwa da maganar yayarsa, Mbak Tutik. Ta samo wani wuri can kan tsauni da ake ajiye "masu irin wannan". Ƙofar ƙarfe, ziyara sau ɗaya a wata. Mota za ta zo ɗaukar Kinanti Lahadi, tara ga Fabrairu.

Na ce, "Pak, 'yarka ce fa, ba buhun shinkafa ba."

Ya ce, "Don 'yata ce nake yi. Ke wannan zaman kina ganinsa zama ne? Yanzu kuma ruwa ake kallo kamar talabijin." Sannan ya ce, "In ta fita ƙofar nan don kanta kafin ranar, na fasa. In ba ta fita ba, Bu, kada ki yi mini kuka."

Ba mugu ba ne. Tsoro yake ji, shi kuwa in ya ji tsoro sai ya nemi mota.

Na duba kalanda. In mako huɗu ne mun tsira. In biyar ne, mota za ta riga kifi zuwa. Ban gaya mata ba.

Juma'a, 10 ga Janairu, 10:20 na safe

Na manta yau ranar Bu Endang ce. Ita aka ɗora wa duba tsutsar sauro a layinmu, duk Juma'a tana bi gida-gida da tocila, ta leƙa randa, ta leƙa bayan firji, ta sa hannu a katin da ke rataye a ƙofa. Kinanti na jin sallamarta ta shige ɗaki.

Bu Endang ta haska tankin sama da ƙasa. "Bu Murti, gidan haya kika buɗe wa sauro? Ina kifin?"

"Suna hanya."

"Daga ina, daga Makka? Damina ce fa. Ko a sa kifi su cinye tsutsa, ko in zuba hodar kashe tsutsa."

Na nuna mata ruwan yana motsi, ga kumfa na tashi. Na ce mako mai zuwa. Ƙarya na yi, kuma ta san ƙarya na yi, shekara ashirin muna zuwa karatun mata tare. Da ta tafi na tambayi Kinanti ta bayan ƙofa ko hodar za ta yi wani abu. Ta ce in aka zuba, ita ba za ta ƙara yarda da yashin da soson ba, sai dai a soma daga farko.

Lahadi, 12 ga Janairu, 6:15 na safe

Kore. Falon na warin kasuwar kifi.

Talata, 14 ga Janairu, 1:40 na rana

Lambar nan ta Batam ta sake kira. Na kashe. Na goge. Na soya ayaba har ta ƙone, na sayar da ita a haka.

Kore.

Juma'a, 17 ga Janairu, 11:00 na safe

Tsutsa ɗaya. Ɗaya tak, a lungun bayan soso inda ruwan ba ya motsi sosai. Bu Endang ta daɗe tana haskawa har sai da ta same ta, ta kwaso ta a cokali ta nuna mini kamar ta kama ɓarawo. Ta ja jan layi a katinmu. Katin kuwa yana rataye daidai kan teburin da nake sayar da soyayyen tempe, wainar waken soya, duk wanda ya zo saye sai ya karanta.

Na ce, "Guda ɗaya ce fa, Bu Endang."

Ta ce, "Sauro nawa ne ke cizon yaro ya kwanta?"

Na cika mata leda da tempe, ta ƙi karɓa. Wannan ya fi jan layin yi mini ciwo.

Lahadi, 19 ga Janairu, 4:30 na yamma

Rana mai kyau, bari in rubuta ta kafin wani abu ya ɓata ta.

Koren ya fara dishewa, kwalba ta biyu ta yi shunayya. Ni gabana ya faɗi, ita kuwa ta ce haka ake so, an yi rabin tafiya. Ta zauna a ƙasa da wayata tana nuna mini kifaye. Babanta yana gyaran kejin tsuntsunsa, yana yi kamar ba ya ji, can ya ce a sayo koki, jajayen kifin nan masu ƙaton ciki.

Kinanti ta ce, "Koki a wannan ɗan tankin, Pak? Ci da kashi kawai suka iya, kwana uku ruwan ya lalace."

"To, ai sun yi kama da dangin uwarki."

Na jefe shi da tsumma. Ita kuma bakinta ya motsa, na gani, wallahi na gani.

Ta ce zaɓi biyu ne. Ko cupang guda ɗaya, kifin faɗan nan mai baza jela, wanda ba ya zama da kowa. Ko ƙananan rasbora guda takwas masu yawo a ayari. A raina ba na son ta zaɓi mai zama shi kaɗai. Na san kifi ne kawai. Duk da haka ba na so.

Laraba, 22 ga Janairu, 12:10 na rana

An kwantar da Nawang, jikar Bu Endang, a asibiti. Zazzaɓin dengi. Shekararta shida. Gidansu na uku ne daga namu.

Tempe ya yi kwantai yau. Mata biyu sun wuce ta gaban teburina suna kallon tagarmu. Ɗaya ta ce wa ɗayar, da ƙarfi don in ji, "Wasu na kiwon kifi, wasu na kiwon sauro."

Shunayya.

Juma'a, 24 ga Janairu, 9:50 na safe

Bu Endang ta zo ba tocila. Idonta a kumbure, daga asibiti take, ko wanka ba ta yi ba. Ba ta shigo ba, a ƙofa ta tsaya.

"Jinin yarinyar na ta sauka, Bu Murti. Ban ce daga gidanki ba ne. Ban ce ba. Amma ko hoda, ko kifi, ko a zubar da ruwan nan. Yau. In ba haka ba shugaban layi zai zo da kansa."

Na ce to.

Asabar, 25 ga Janairu, 7:00 na safe

Ba abin da zan rubuta.

Lahadi, 26 ga Janairu, 5:20 na yamma

Ƙofar Kinanti a rufe. Kunun shinkafar da na ajiye da safe yana nan ya yi fata. Babanta ya dubi kwanon, ya dube ni, ya dubi kalanda, ya fita.

Na tona rami a gindin lemun tsami. Ba su ci wuri ba.

Litinin, 27 ga Janairu, 3:05 na rana

To, bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya kallona.

Ranar Juma'a bayan azahar, tana barci, na je ƙofar makarantar firamare wurin mai keken nan da ke rataya kifi a leda. Na sayi gupi shida, ƙananan kifin nan masu cin tsutsa. Kowa a layin nan haka yake yi, a jefa su a randa su cinye tsutsa, kuma ba sa mutuwa ko a kwata. Na ce a raina ai gupi ne, kwana kaɗan ne, Bu Endang za ta ga kifi ta ƙyale mu. Na kwance ledar na juye su.

Da la'asar sun taru a saman ruwa suna haki. Da ta fito ta gan su, ta tsaya cak. Ta yi ta canza ruwa kofi-kofi har bayan isha'i. Da asuba ba ko ɗaya mai motsi.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

"Na nuna miki shunayya ce da safe, Bu. Kin gani da idonki."

Na ce ai Bu Endang ce, ai Nawang ce, ai mutane.

"Kullum mutane. Ba kya iya jira. Wancan karon ma na ce miki ban shirya ba, kika ce in tafi kawai, zan saba."

Ta shiga ɗaki ta murɗa makulli.

Ni na sa hannu a takardar tafiyarta Batam. Ni na guga mata kaya. Abin da ya rage ban san shi ba, kuma ban taɓa tambaya ba, don ina tsoron ta faɗa mini.

Talata, 28 ga Janairu, 6:40 na safe

Ba ta fito gwaji ba, kwana na uku ke nan. Na sa tabarau na ɗauki kwalaben. Ruwa zuwa layin, ɗigo biyar, a jira minti biyar. Na ga tana yi sau ashirin, amma ni ɗigo bakwai suka faɗa mini, na zubar na sake.

Na je bakin ƙofarta na ce, "Nduk, 'yata, ta farko rawaya ce. Ta biyu shunayya."

Shiru.

Laraba, 29 ga Janairu, 6:35 na safe

"Rawaya. Shunayya."

Shiru. Na sa sabon jatan lande, tsohon ya narke. Na bi lungunan tankin da ragar shayi, ko tsutsa ɗaya ban samu ba.

Juma'a, 31 ga Janairu, 10:30 na safe

Bu Endang ba ta zo ba, wata ce ta karɓe ta, yarinya mai sauri, ta leƙa randa ta sa hannu ta wuce. An ce Nawang ta fara shan ruwa da kanta. Na yi sujada a kicin.

Shunayya. Saura kwana tara.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 6:50 na safe

Na faɗi launin kamar kullum, na juya zan tafi, sai na ji ta ce, "A ina kika duba?"

Na ce a hannuna mana.

"Ki kara ta da farar takarda, a bakin taga. Ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba."

Na je na yi yadda ta ce. Ashe ta yi haske, kamar rigar da ta sha wanki. Na dawo da gudu na gaya mata. Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin na yi ta juya shi a raina har azahar.

Litinin, 3 ga Fabrairu, 6:20 na yamma

Mbak Tutik ta bugo, tana tambayar ko a zo da maza biyu saboda ko za a yi gardama. Ina tsaye a wurin. Pak Sarwo ya ce a'a, shi ya isa. Bayan ya ajiye wayar ya sauko da akwatin daga kan kabad, wanda Kinanti ta dawo da shi daga Batam. Ya kakkaɓe ƙura, ya ajiye a ɗakinmu. Ban dafa masa shayi ba, shi ma bai nema ba.

Talata, 4 ga Fabrairu, 5:10 na yamma

An sami mutum na biyu da dengi a layin baya. Shugaban layi ya bi gida-gida: jibi Alhamis ƙarfe bakwai za a yi feshin hayaƙi, ciki da waje. A buɗe ƙofofi da tagogi, a rufe abinci, kowa ya fito titi, ba a bar ko jariri ko tsoho a ciki ba.

Na ce wa Pak Sarwo to ga shi, dole ta fita.

Ya ce, "Wanda hayaƙi ya koro ba fita ya yi ba, Bu. Ko ɓera ma yana yi."

Na so in kwaɗa masa murfin tukunya. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Laraba, 5 ga Fabrairu, 4:00 na yamma

Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofarta na gaya mata maganar feshi. Daga nan bakina ya ƙwace, na fara gaya mata maganar Lahadi.

"Na sani, Bu. Bangon nan katako ne."

Tun tara ga Janairu ta sani. Duk kwanakin nan tana ɗiga ruwa a kwalba ta sani.

Na ce ta yafe mini kifin. Sauran ban iya faɗa ba. Can ta ce, "Ki nemo mini leda babba da tsohon zane. Da bokiti mai murfi."

Alhamis, 6 ga Fabrairu, 2:30 na rana



Ƙarfe shida da rabi ta fito. Ta rame, ɗankwalin ya yi mata yawa. Ba ta dube ni ba. Ta kashe injin iska, ta ce shi zai zuƙo hayaƙin ya tura cikin ruwa. Ta naɗe bakin tankin da leda, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Sannan ta ɗebi ruwan tankin a bokiti, ta ciro soson da hannu biyu ta sa a ciki. Wata guda na aikinta, baƙin soso mai yauƙi, wanda da ni ce da tuni na wanke shi da sabulu.

Babanta ya riga ya tafi aiki. Injin feshin ya taso daga bakin layi da ƙara kamar babur da ba salansa. Ta tsaya a dokin ƙofa da bokitin. Layi cike, mata da goyo, tsofaffi a kan kujerun roba, maza kowa riƙe da kejin tsuntsunsa. Hira ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Ina bayanta, ina ganin jijiyar wuyanta na bugawa. Hannuna ya tashi zai tura ta, na kama shi da ɗaya hannun.

Ta sauka.

Bu Endang ce ta fara isowa gabanta, na ce shi ke nan. Ta dubi bokitin ta ce, "Me ke ciki, Nduk?"

"Soso ne, Bu." Sai ta ƙara, "Yaya Nawang?"

Bu Endang ta dube ta. Ta ce an sallamo ta jiya, tana ta rigimar a saya mata kankana. Ta matsa ta ba ta hanya.

Na ɗauka a nan za ta tsaya tare da kowa. Sai iska ta juyo da hayaƙin kanmu, fari fat, yana warin gas. Ta danne murfin bokitin ta ce, ba da ni take ba, "Halittun cikin soson ba za su daɗe ba iska ba, kuma injin ba zai kunnu ba sai warin ya fita." Ta kama tafiya. Ta wuce masallaci, ta wuce mai gyaran taya, ta tsallaka babban titi da motocin haya na ta yi mata ham. Ni ina biye da taku goma, da silifa wari da wari.

Mbah Tarjo yana shan kofi a tsakiyar robobin kifinsa masu kumfa. Ya kanne ido ya ce, "'Yar Sarwo? Wadda ke zuwa ta dangwala mini hanci a gilashi ba ta sayen komai?" Bai tambaye ta ina ta shiga ba, Allah ya saka masa. Ta ce aron iska take so, a roba wadda ba kifi. Ya leƙa bokitin, ya shinshina, ya ce, "Shekara arba'in ina nan, mutane na kawo mini gawar kifi suna zagina. Yau aka fara kawo mini soso ya sha iska." Ya jona mata tiyo.

Awa uku muka zauna a kan benci. Jirgi ya wuce sau huɗu, duk wucewa sai ta runtse ido. Ya ɗago mata wani cupang ja kamar barkono ya ce ta ɗauka kyauta. Ta ce ruwanta bai nuna ba. Ya dube ni ya ce, "Wannan ba ke ta gado ba." Na ce na sani.

Muna dawowa ta mayar da soson, ta kunna inji, ta shiga ɗaki ta yi amai. Ba ta murɗa makulli ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 6:55 na yamma

Na ba Pak Sarwo labari tun jiya, ya ce ya ji a wurin mai gyaran taya. Bai ce ya fasa ba. Akwatin yana nan inda yake. Na tambaye shi, ya ce, "Hayaƙi ne ya fara, Bu. Ban ce komai ba tukuna."

Ita ta yi gwajin yau. Saura ƙiris, kamar an ɗiga shunayya a cikin shuɗi. Ta ce ƙiris ɗin ma guba ce. Na cije leɓena.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 6:25 na safe

Rawaya. Shuɗi. Ta sake gwadawa. Shuɗi.

9:05 na safe

Ta tafi. Na ɗauko mayafina, ta ce, "Ki zauna, Bu." Na zauna.

9:15 na safe

Pak Sarwo ya ce zai je sayen abincin tsuntsu. Buhu guda yana nan a bayan ƙofa ko buɗewa ba a yi ba.

10:10 na safe

Tafiyar minti goma sha biyar ce. Zuwa da dawowa rabin awa. Zaɓen kifi awa nawa ne? Wata huɗu ina roƙon Allah ta fita, yanzu ga ni a bakin taga ina fargaba don ta fita. Akwai babban titi. Akwai layin dogo. Ba zan rubuta wannan ba.

10:55 na safe

Ta dawo, leda a rungume a ƙirji, ta lulluɓe ta da gefen ɗankwali saboda rana. Rasbora ne, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, jajaye. Na ƙirga huɗu, na ce ba takwas kika ce ba? Ta ce ba a zuba su gaba ɗaya, soson ba zai iya ɗauka ba. Sauran huɗun sai bayan mako biyu, ta bar su a wurin Mbah Tarjo, za ta koma.

Ta ɗora ledar a kan ruwan ba ta kwance ba, ta ce minti ashirin, kada wanda ya taɓa. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina.

Sai ga babanta ya shigo, hannu wofi, rigarsa sharkaf da gumi. Ba ta juyo ba, idonta na kan ledar, ta ce, "Pak, in za ka bi ni ranar da zan koma, ka daina laɓewa bayan mai ayaba. Duk kasuwa ta gan ka. Mbah Tarjo ya ce ka shigo ka sha kofi."

Ya tsaya a tsakiyar falo kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya ce, "To, Nduk." Ya ɗauki wayarsa ya fita baranda, na ji yana cewa, "Mbak, ni ne. Maganar motar nan ta gobe."

Saura minti goma sha ɗaya a kwance ledar.